Yaya, ga amsar maganar hoton gwankin nan

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gida, ina su Inna? Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar.

Saƙonka na murya ya same ni muna gangarowa daga dutse, sai da muka kusa garin Meeker, a nan jihar Kolorado ta Amurka, waya ta kama sabis ya shigo. Sau uku na saurare shi. Ka yi ta dariya, wai an tura yaro karatun injiniya ya koma ɗan farauta, wai rigar da ke jikina a hoton sai ka ce ta mai gyaran titi. Ni ma na dara. Amma ciki ɗaya muka fito, na san inda dariyarka take tsayawa maganar gaske ta fara. Da ka ce "to ku har yanzu Hausawa ne kuwa, ko kun bi dangin mata?" ba wasa kake ba. Shi ya sa na zauna in rubuta, don in na kira ka katse ni za ka yi ta yi.

Da farko ka gaya wa Inna ba saniyar mutane na harbe ba. Ko da yake ba ta yi nisa da gaskiya ba, su ma Turawan saniya suke ce wa tamatar. Sunan dabbar elk. A gidana gwanki muke cewa, don shi ya fi kusa da ita a girma, amma danginta barewar ƙasar nan ce. Tamata takan wuce kilo 200, namiji ya haura 300, da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya, wanda yake zubarwa duk shekara in sanyi ya zo ƙarshe wani ya tsiro. A watan Satumba, lokacin barbara, namijin yana wani kuka da yake farawa da gurnani ya ƙare da fito siriri kamar sarewa. Ranar da na fara jinsa cikin duhun asuba sai da na karanta Ayatul Kursiyyu. Nan Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu, sun haura 280,000.

Na san abin da ya zo maka a rai da ka ji farauta: ganga, karnuka, gora, 'yan tauri, a cinna wa daji wuta a tare bakinsa. Tamu a gaban kwamfuta take farawa. Kafin Talatar farko ta watan Afrilu kowa ya cike takardar neman lasisi, a jefa ƙuri'a. In ba ka fito ba a rubuta maka maki ɗaya da zai ƙara maka dama a ƙuri'ar gaba, ka jira baɗi. In ka fito, takardarka za ta faɗi wace dabba, namiji ko tamata, a wane yankin daji, daga wace rana zuwa wace rana. Dabba ɗaya tak. Kuma duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 sai ya yi ajin koyon farauta ya ci jarrabawa, shi ya sa ina da shekara 38 na zauna a benci ɗaya da yara 'yan shekara sha ɗaya, suna gyara mini amsa. Ba a kora da kare, ba a dallare dabba da fitila, ba a zuba mata abinci a yi kwanto. Harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Rigar ruwan goron da kake yi wa dariya doka ce, har da hula, don kada wani ya hango motsi cikin itatuwa ya ɗauka nama ne. Akwai ma wadda za ta ba ka dariya da gaske: in ka feɗe ka sassara, dole ka bar shaidar namiji ne ko tamata a manne da cinya ɗaya har ka isa gida, don jami'in daji yana iya tare ka a hanya ya duba.

Ba haka kawai suka tsaurara ba. Wajen shekarar 1900 sun kusa ƙarar da dabbar nan, abin da ya rage a duk ƙasar bai kai 100,000 ba, saboda masu harbi don kasuwa. Sai suka hana sayar da naman daji, kuma tun 1937 duk bindigar farauta da harsashin da aka saya ana cire haraji, wanda daga baya ya kai kashi 11 cikin ɗari, a zuba wajen kula da daji da dabbobinsa. Kai da kake bin hanyar Jos, yaushe rabon da ka ga gwanki ya tsallaka titi a Falgore? Kaka ya ce a zamaninsu garke-garke suke gani. Ban ce komai ba, tambaya na yi.

Yanzu maganar dangin mata, tunda nan ne ƙaiƙayin yake. Gaskiya ne, surukina ne ya fara kai ni. Bayan ɗaurin aurenmu sai da mutumin nan ya shekara ba ya ce mini fiye da sannu. Ba faɗa, ba fara'a. Wata rana sai ya ce wa 'yarsa ta tambaye ni ko ƙafata tana iya hawan dutse. Shekara biyun farko ko bindiga ban taɓa ba, ɗan dako na zama, ina bin dattijo ɗan shekara sittin da wani abu ina haki, don inda muke kafa tanti ya kusa mita 3,000 sama da teku, iskar ba ta cika ƙirji. A can ya fara yi mini magana. A can ya ba ni labarin ƙaninsa da ya rasu, abin da mai ɗakina ta ce ita kanta ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Yanzu in lokacin salla ya yi shi yake duba agogo ya ce mini rana ta karkata, kuma ya haddace cewa alƙiblarmu a nan arewa maso gabas take, ko da yake har yau yana musun cewa taswira ba ta nuna haka ba. Kaskon suyarmu naman alade bai taɓa shiga ba. Giyarsa kuwa ba zan ɓoye maka ba, yana sha, in dare ya yi a tantinsa, bayan an zare harsasai an ajiye bindigogi.

Ita kuma wadda har yanzu kuke kira Baturiyar nan, shekara goma sha biyar ke nan. Ta musulunta bayan shekara biyar da aurenmu, ba da matsina ba, ta iya tuƙa tuwo ba gudaji, tana durƙusa wa Inna a waya ko da Inna ba ta ganin gwiwarta. Amma duk sallar da na kira sai Anti ta tambaye ni yaushe zan yi auren gida. Ka gaya mata na ji, kuma yaran suna jin wannan Hausar sarai.

Ka tambaya ko naman ya halatta, kuma wannan ban ji haushinta ba, don ni ma ita na fara kai wa malaminmu. In zan harba nakan yi bisimilla. In na isa da sauran rai sai in yanka, wuƙata tana ƙugu. In harsashi ya riga ya gama aiki, ya halatta, tunda ya huda ya zubar da jini kuma an ambaci sunan Allah. Inda aka sami tsaiko shi ne abin da surukina ya harba. Malam ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ya shahara shi ne a ci yankan Ahlul Kitabi amma a bar farautarsa, sauran mazhabobi kuma sun halatta. Na zaɓi in tsaya a tamu. Na ɗauka dattijon zai ji zafi. Ko a jikinsa. Sai ma ya sayo jar alƙalami, duk ƙullin naman da ni na harba ya yi masa alama don kada a gauraya a firiza. Na kuma tuna karatun Risala da muka yi a zauren Malam, inda aka ce farauta don wasa makaruhi ce, don wanin wasa kuwa halal. Akwai masu yin ta don wasan a nan, masu biyan dubban daloli don a kai su ga mai manyan ƙaho su kafe kan a bangon falo. Surukina ma yana da guda a saman murhu. Ni takardar tamata nake nema, nama nake so. Amma in na ce maka babu daɗi a ciki na yi ƙarya.

Daɗin dai gajere ne. Harbi na daƙiƙa ɗaya, wahala ta wuni guda. Wadda ka gani a hoton ta faɗi a kwari, kusan kilomita uku daga inda mota take iya zuwa. A nan muka feɗe ta cikin ƙanƙara, yatsu sun sandare, muka zuba a buhunan yadi, muka yi ta goyo sahu-sahu har bayan isha'i. Barin nama a daji laifi ne da ake kai mutum kotu a kai. Da muka sauko kuma sai da aka kai kan a gwada, saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da barewa da elk, wadda aka fara ganowa a nan jihar, a Fort Collins, a 1967. Ba mu ɗanɗana ba sai da sakamako ya fito. Tsoka zalla mun sami wajen kilo 70.

Kada ka ɗauka duk Bahaushen Amurka maharbi ne. Yawancinmu ko bindigar wasa ba sa so a gidansu. Mu gida huɗu ne muke tafiya: ni, da wani direban babbar mota ɗan Damagaram, da wani ma'aikacin jinya ɗan zangon Kumasi, da wani dattijo daga Sudan da kakanninsa suka tsaya a can a kan hanyar Makka. In dare ya yi muka kewaye wuta, Hausa kala huɗu ake yi, kowa yana cewa tasa ce ta asali. Dattijon Sudan yakan jefo kalmar da rabona da ita tun bakin Kaka. Duk shekara ba ni da kwana biyar da nake yin Hausa safe da dare sai waɗannan. In mun dawo Orora, unguwarmu ta gefen Denba, naman kashi uku muke yi kamar na layya. Matan su haɗu ranar Asabar a yi dambu, mu maza mu yanyana na kilishi, don naman ba shi da kitse, kamar don kilishi aka halicce shi. Ƙuliƙuli ne ke ba mu wahala, da garin gyaɗar kanti muke maneji. Ɗalibai marasa iyali kowa da ledarsa.

Inna ta ce ba na tsoro, baƙin mutum Musulmi da bindiga a dajin Turawa? Ina yi. Takarduna a aljihun ƙirji suke, kuma akwai gidan man da ba na ƙara tsayawa saboda irin kallon da aka yi mini. Amma ranar da motarmu ta kafe a taɓo wani mai kiwon shanu ne da bai san mu ba ya janyo mu da tarakta, ya ƙi karɓar ko sisi. Kuma a watan Maris na 2025, da labarin mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi ya zo, a hanyarsu ta komawa gida salla, na daɗe zaune a mota ban iya shiga gida ba. Su a ƙasarsu suke.

Abin da ya fi tsaya mini a saƙonka shi ne yadda ka faɗi "ɗan farauta", kamar wani abin kunya da na tsinto a wajen Turawa. Yaya, jikan wa nake? Ka manta bindigar tokar da ke rataye a zauren Kaka, da warkinsa, da layun da ya hana mu taɓawa? Ka manta hantar gadar da ya gasa mana a bakin rumbu, ya ce yaron da ya ci ba ya tsoron dare? Baba ne da ya shigo Kano ya zama akawu ya binne zancen, in an tambaye shi sana'ar gidansu ya ce noma. Kai da kanka ka taɓa saɓa gora ka bi 'yan farauta har magariba, Baba ya zane ka, ni na kawo maka ruwa a ɓoye. Ni ban sami wannan ba, na yi ƙanƙanta. Sai da na tsallaka teku wani Bature ya koya mini duba sawu da lura da inda iska take kaɗawa, ina durƙushe kan kashin dabba ina murza shi in ji ko ɗanye ne, sannan na ga hannun Kaka yana yin haka a gabana.

Inda kake da gaskiya kuwa ba zan ja ba. Babban nawa ya cika sha biyu bara, shekarun da doka ta yarda yaro ya harbi babbar dabba in da babba a gefensa. Ya sami barewarsa ta farko, irin mai manyan kunnuwan nan kamar na alfadari. Ya yi bisimilla ba tare da na tuna masa ba, hannunsa yana rawa, bayan ta faɗi ya yi hawaye ya juya baya don kada kakansa ya gani. Amma da na ce ya kira Inna ya ba ta labari, jimla uku ya yi Hausar ta ƙare, ya miƙo mini wayar. Yana ji, mayarwa ce ba ya iyawa. Laifina ne, na sani, ba na uwarsa ba, ita ce ma take hana Turanci a kan tabarmar cin abinci.

A daren, a bakin wuta, ɗan Damagaram ya ce ai ba a yin naman fari ba kirari. Na miƙe zan yi masa na Kaka, na ɗauko farkon, sai na tarar sauran ya gudu. Yaron yana kallona yana jira in ƙarasa.

Don haka ga aikin da zan ba ka. In ka je ƙauye da salla, ka nemi tsohon nan da yake riƙe wa Kaka karnuka, in Allah ya sa yana raye. Ka sa shi ya yi kirarin tun daga farko, ka ɗauka a waya, kada ka yi dariya a ciki. Goron da za ka kai masa zan turo kuɗinsa ta hannun Anti. Rabonka na kilishi kuma yana firiza da jar alama. In biza ta fito ka nufo ƙarshen Oktoba, kuma kada ka ce za ka hau dutsen nan da takalmin zuwa ɗaurin aure.

Ka gaishe da Inna da yaran.