Wayar ofis ba ta barina barci

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan ofishin dakon kaya a Agege, Legas, motocinmu na ɗauko albasa da tumatir daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Ƙarfe 6 muke rufewa amma kira baya tsayawa, da safe mu tarar an yi ta kira ba wanda ya ɗauka, wataran har da direbanmu da mota ta lalace masa wajen Berger cikin dare. Na gwada tafiya da wayar gida, uwargida tace ko ita ko wayar. Dan Allah ya zan yi?
Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya Hajiya ta fi ka hujja. Masu kiranka da dare kashi biyu ne, akwai direban da ke tsaye bakin titi da tumatir na neman ruɓewa, akwai kuma kastoman da barci ya ƙi zuwar masa yake son jin nawa ne buhun albasa, kuskuren shine kana haɗa su a layi ɗaya.

In layin ofis ɗin sim ne irin na MTN ko Airtel ko Glo, abin ba wuya. Kafin a rufe a danna **21* sai lambar wanda zai kwana da aiki sai #, duk kira zai koma wayarsa. In kuma so kake sai an yi ringin ba a ɗauka ba tukunna ya wuce, **61* ne, in wayar na kashe ko babu netwok kuma **62*, su ma sai lambar sai #. Da safe a danna ##002# ya goge su gaba ɗaya, kuma wlh nan ake mantuwa, sai ka ga azahar tayi ofis shiru ashe kira na can yana tashin yaron da ya kwana bai runtsa ba. Sannan kuɗin turawar daga layin ofis ake cira ba daga wanda ya kira ba, toh kar kati ya ƙare.

In kuwa kuna da na'urar rarraba kira, wato PBX, ka sa wanda ya haɗa muku ita ya saita mata lokaci, daga 6 na yamma zuwa 8 na safe murya ta amsa tace an rufe, direba ya danna 1, mai tambayar farashi ya bar saƙo. A ɗauki muryar da Hausa da Yarbanci da Pidgin, Legas ce. Amma fa na'urar nan da rawuta, wato na'urar intanet, wuta suke ci, in Nepa ta ɗauke kuma ba inbata shikenan layin ya mutu.

Ni dai da nine kai, direbobi zan ware musu wata lamba daban wadda ba a rubuta a jikin allon ofis ba, yara biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa duk sati ana ɗan ƙara musu na shayi. Kastomomi kuma a tura su WhatsApp Business, yana da saƙon da ke amsawa da kansa a awannin da ka zaɓa, a rubuta musu cewa ƙarfe 8 za a neme su, kuma 8 ɗin na yi a neme su.