Gwajin kansar hanji ga masu lafiya: yana da amfani kuwa?

Malam, ka tambaya ko gwajin kansar babban hanji da ake yi wa mutanen da ba su da alamar ciwo yana ceton rai. Yana ceto, amma a lura da yadda ake auna amfaninsa.

Ba a duba yawan shekarun da mutum ya rayu bayan an gano cutar, domin gano ta da wuri kaɗai kan sa shekarun su yi kamar sun ƙaru. Abin dubawa shi ne yawan mace-mace. A Nottingham ta Ingila an bi mutum kusan 150,000, sakamakon 1996 ya nuna neman ɓoyayyen jini a bahaya ya rage mutuwa daga cutar da kashi 15 cikin 100.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken NordICC na 2022 a Folan, Nowe da Suwidin. An gayyaci mutane a leƙa hanjinsu da kyamara, kashi 42 cikin 100 kawai suka amsa. Duk da haka kamuwa ta ragu da kashi 18, saboda ana cire ɗan tsiron da ke fitowa a cikin hanji kafin ya rikiɗe ya zama kansa.

Amma wanda ya ga jini a bahayarsa, don Allah ya tafi asibiti, kada ya ce basir ne.