Amsar tambayarki kan tabarmar da muke shimfiɗawa

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya da dare, wuta ce babu waya ta mutu, sai yanzu yaron nan ya kawo mani ita daga wajen caji. Kin ce ciki na biyu kenan ya zube, ga maigidan an sallame shi daga aiki duk cikin wata ukku, ƙawarki ta ce sammu ne, kina tambaya wai me ya sa mu gidanmu in abu ya samu sai dai a shimfiɗa tabarma 'yan zumuntar matan majami'a su zo a yi ta waƙa da addu'a ba mai tashi ya nemo wanda ya yi. Har kika ce anya Allah na ƙaunarki kuwa. Ban ji haushi ba, ni ma bakina ya taɓa faɗin haka.

Kakanki can ƙauyenmu wajen Malumfashi Bamaguje ne, da idona na ga ana yanka jan zakara gindin tsamiya don iskoki. Da ya karɓi Yesu ya tattaro layu da guraye ya ƙone su tsakar gida. Shekara ba ta zagayo ba baƙon dauro ya ɗauke autanmu, dangi suka cika gida kowa na cewa to ga shi nan, ka watsar da na gado sun rama. Inna ba ta tanka ma kowa ba, tana zaune bakin murhu da 'yar rigar yaron a cinya. Matan majami'a suka zo suka zauna da ita kwana ukku, wata ta yi surfe wata ta ɗebo ruwa, in ta fashe da kuka su ɗauki waƙa a hankali. Abin da kika tarar muna yi kenan.

Ba mu ce Shaiɗan ba ya kai hari ba fa, yana kaiwa. Amma a Littafi Mai Tsarki, Afisawa sura 6 ta ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce, to ina dalilin nuna maƙwabciya ko uwar miji da yatsa? Duba Ayuba, ya rasa tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'ya 10 rana ɗaya, amma sai da Shaiɗan ya samu izni, da ya koma kan jikinshi ma aka ce kada ya taɓa ranshi, kamar akuya a turke iyakarta inda igiya ta tsaya. Abokanshi ukku da suka zauna kwana 7 shiru ba a ga laifinsu ba, sai da suka buɗe baki suna tono zunubin da ya jawo mashi, karanta littafin Ayuba sura 42 ki ga da wa Allah ya yi fushi.

Zancen ƙauna kuwa, manzo Bulus sau ukku yana roƙon Ubangiji a cire mashi wata wahala da ya kira ƙaya a jikinshi ba a cire ba, aka ce alherina ya ishe ka. Yesu ya san zai ta da Li'azaru daga matattu amma ya tsaya ya yi kuka tare da Maryamu 'yar'uwar mamacin. Wanda ya bari aka buga mashi ƙusa dominki ba zan yarda ya juya maki baya yanzu ba, ko da ni gwaggonki ba ni da amsar me ya sa cikin bai tsaya ba.

Masu ce maki kawo kuɗi a ba ki man shafewa a maida ma mai shi, boka ne ya sa kwat, kar ki ba su ko sisi. Asibiti kuwa dole, ki ga likitan mata a yi maki gwajin jini da hoto, ɓari biyu ba abin zama gida ba ne. Asabar ina nan tafe Katsina in Ubangiji ya yarda, ki ce ma maigidan ya tare ni tasha, zan taho maki da daddawa da kuka.