Tukunyar Gas ta Mutumin Ƙauye: Ɗuri ko Musanya?

Abu biyu ka tambaye ni jiya muna rufe wurin aiki, ɗana, na ce ka bari sai na samu natsuwa. Ka ce: "Maigida, mutumin da ya taso daga ƙauye mai tafiyar awa biyu a kan babur, me zai hana mu ƙara masa kilo ɗaya ko biyu don gas ɗin ya daɗe masa? Kuma wanne ya fi masa, a ɗura masa a tukunyarsa, ko ya ajiye ta ya ɗauki cikakkiya?" Tausayi ne ya sa ka tambaya, kuma tausayin yana kan hanya. Amma bari mu fara da ta farkon, domin ita ce mai cin rai.

Abin da ke cikin tukunya ruwa ne. Girgiza ta, za ka ji yana motsi. Matsi ne ya mai da shi ruwa, da zarar ya samu ƙofa sai ya koma iska, lita ɗaya ta zama wajen lita 250. Ruwan nan kuwa yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha sau goma da ɗoriya. Shi ya sa ake tsayawa a kashi 80 zuwa 85 cikin 100, a bar masa sarari a sama. Tukunya mai kilo 12.5 cikinta kusan lita 26 ne, gas ɗin da muke zuba mata kuwa lita 22 ne da 'yan kai. Ka ƙara kilo biyu, ka cinye sararin ke nan ƙurmus.

To ɗora ta a bayan babur da azahar a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa zafi ya haura digiri 40, balle ƙarfen da rana ke duka. Ruwan zai nemi wurin kumbura ya rasa, kuma ruwa ba ya matsuwa. In bawul ɗin yana da kafar tsaro, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da kanta in matsi ya yi yawa, zai tsartar da gas a bayan mai babur, dab da salansa mai zafi. In ba shi da ita, kamar yawancin ƙananan nan masu kilo 3 da kilo 6 da ake ɗaura wa murhu a ka, walda ce za ta ɗauki nauyin har ta gaza. Ko Allah ya sa ta isa gida lafiya, ruwan gas ne zai bi ta regileta maimakon iska, uwargida ta ƙyasta ashana wuta ta yi tsalle ta lashi rufi. Daga ƙauyen nan zuwa motar kashe gobara ko asibitin da zai iya da ƙuna, kai ma ka san nisan.

Akwai kuma abin da masu ɗuri da yawa ba su kula da shi. Gas ɗin girki gauraye ne na butan da furofen. Furofen ya fi rashin nauyi, litarsa wajen giram 510, ta butan wajen 580, amma a zafinmu matsinsa ya ninka na butan kusan sau huɗu. Tukunyar lita 26 ɗin nan, in furofen zalla ne, kilo 11 ne iyakarta, ba 12.5 ba. Don haka in tanka ta zo sauke mana gas, karɓi takardar kayan ka duba wanne ya rinjaya kafin ka fara yi wa kowa ɗuri.

Yanzu awo. A jikin mariƙi ko wuyan kowace tukunya an buga TW da lamba, nauyinta ke nan babu komai a ciki. A ce ka ga 14.2, to cikakkiya sai ta ba ka 26.7. Kada ka ɗauka duk wadda aka kawo wayam take. Ɗora ta a sikeli a gaban mai ita tukuna. In ta nuna 15.7, akwai saura kilo ɗaya da rabi, kilo 11 za ka zuba, kuɗin 11 za ka karɓa. Kan ɗuri da tiyonsa suna danna sikeli, saboda haka awon gaskiya shi ne na bayan ka cire su. Kowace safiya gwada sikelin: auna jarka babu komai, zuba ruwa lita 20, dole ya ƙaru da kilo 20 cif. In hannunka ya wuce ka cika fiye da ƙima, mayar da rarar cikin tanki. Kada ka buɗe bawul ka sake ta a iska, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya gangara kwata ya tarar da mai suyar ƙosai a bakin titi.

Wani lokaci tukunya za ta fi TW da rabin kilo, mai ita ya rantse ba ta kama wuta. Gaskiyarsa. Wani maiƙo ne mai nauyi da ke taruwa a gindi shekara da shekaru, ba ya tashi ya zama iska. A wurin ɗuri ake tsiyaye shi da kayan aiki, kada a ce masa ya kifa ta a bayan gida.

Kafin ka haɗa kan ɗuri, juya tukunyar ka leƙa gindinta. A ƙauye a kan ƙasa take zama, ruwan wanke-wanke yana bi ta ƙarƙashinta, tsatsa kuwa daga cikin zoben gindi take farawa, inda ido ba ya zuwa. Ƙwanƙwasa da maɓalli: in ɓawon tsatsa yana zubowa, ko ka ga 'yan ramuka kamar zanzana, ta gama aiki. Haka wadda ta lotsa a kan layin walda, da wadda cikinta ya kumbura, da wadda fentinta ya babbake alamar ta taɓa shiga gobara, da wadda mai waldar kasuwa ya yi wa faci. Duba shekarar ƙira. Ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, ita ce a sake gwada tukunya duk shekara 5, a yi ritayarta a shekara 15. Sabon fenti mai sheƙi a kan lambar da aka goge, ka yi zarginsa. Za ka sha magiya, wani ya ce maka tun aurensa yake girki da ita ba ta taɓa komai ba. Ba shi haƙuri, nuna masa gindin da idonsa, amma kada ka ɗura.

Mai sayen sabuwa ma haka za ka duba masa: sunan kamfanin da ya ƙera, lambar tukunya, shekara, TW, da alamar SON, duk a buge a ƙarfe, ba takardar liƙi ba. 'Yar gwanjo da ba a san shekarunta ba, arha ce da ba ta ado. Sabuwa kuma iska ce a cikinta, sai an fitar da ita kafin ɗurin farko, in ba haka ba matsi ya hau, wuta ta riƙa fizga tana mutuwa.

Sai tambayarka ta biyu. A Najeriya yawanci tukunya ta mai girki ce, shi ke yawo da ita. A Nijar, ka je Maraɗi ko Damagaram, musanya aka fi sabawa da ita: ka kai wayam ta kamfani kaza, a miƙo maka cikakkiya irinta. Gana ma ta fara juyawa ga wannan tsari bayan fashewar da aka yi a mahaɗar Atomic a Akara a 2017. Amfanin musanya a fili yake: kamfani ne ke gwaji da gyara, kuma ba a ɗuri a tsakiyar jama'a. Amma inda tukunya ba ta da kamfanin da ke bin ta, musanya kan zama hanyar da tsofaffi ke yawo hannu zuwa hannu. Mutum ya ba da sabuwarsa 'yar shekara biyu, a miƙo masa mai shekara goma sha huɗu. Ragowar gas ɗin da ke cikin tasa ma ya tafi a banza.

A ganina, wanda zai iya kawo tasa wurin ɗuri mai lasisi, ya kawo: ya san tarihinta, kuma abin da aka zuba kawai zai biya. Wanda nisa ya hana, ya yi musanya da wakilin garinsu, amma da sharaɗi uku: a auna a gabansa, ya karanta shekara, ya ga hatimin bakin bawul ba a taɓa ba. Ya kuma gwada regiletarsa a kai tun a shagon, domin bakunan bawul ba ɗaya ba ne, wani na dannawa, wani na murɗawa, na dannawar ma faɗinsu ya bambanta. Abin takaici ne mutum ya yi tafiyar awa biyu ya tarar kan bai hau ba, daga nan ne ake fara ɗaure-ɗaure da robar tayar keke.

Maganin nisa na gaske tukunya biyu ne. Murhu mai baki ɗaya a buɗe sosai yana cin giram 150 zuwa 200 a awa, wato mai 12.5 za ta yi awa 60 zuwa 80 tana ci. Gidan da ke kunna wuta awa biyu a rana zai yi wata guda ko fiye. Ɗaya tana aiki, ɗaya tana jiran motar ranar kasuwa. Wakili ya tara wayam, ya rubuta suna da lambar kowace a littafi, ya sa alama da fenti a mariƙi, a-kori-kura ta kawo mana, mu ɗura, ta koma da su. Kowa ya karɓi tasa. In suna son sanin saura nawa, su kwarara ruwan ɗumi a gefen tukunyar su shafa da hannu: inda sanyi ya fara, nan ruwan gas ya tsaya.

Abin da ba zan yarda wakilinmu ya yi ba shi ne juye, wato kifa mai kilo 50 a kan benci a zuƙa wa ƙanana ta tiyo. Na san dalilinsu, mai kuɗin kilo ɗaya ma yana son girki. Amma duba yadda ake yinsa: don ruwan ya gangara, sai an sassauta ƙaramar ta fitar da iska, duk wannan iskar kuma a cikin shago take kwanciya. Kashi 2 cikin 100 na gas a iskar ɗaki ya isa ya kama. Ga janareta a ƙofa, ga mai shayi a maƙwabta. Ba famfo mai tsayawa da kansa, ido ne da ƙiyasi, ƙananan kuwa su ne marasa kafar tsaro. Hukuma ta hana wannan, kuma lasisin da NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar mai da gas, ke bai wa mai shago na sayarwa da musanya daban yake da na wurin ɗuri. Wakilin da ka ji yana juye, faɗa mini a ranar.

In za su tafi, kai ne za ka duba ɗaurin. Tukunya a tsaye take tafiya, domin in ta kwanta ruwan ne ke bakin bawul. A babur a sa katako ko tsohon buhu a ƙarƙashi, a ɗaure ta mariƙi da gindi, nesa da salansa. Mai kilo 6 a cire murhun da ke kanta tukuna, gargadar hanya tana sassauta shi. Kada a kulle ta a but ɗin mota a rana. Kafin ta bar hannunka, shafa kumfar sabulu a bakin bawul da wuyansa inda ya shiga tukunya, ka ƙirga goma. Kumfa ta tashi, akwai yoyo. Sau da yawa 'yar robar nan ce ta cikin baki ta tsage ko ta faɗi, shi ya sa nake cewa kada aljihunka ya rabu da su. In daga wuya ne, tukunyar ba ta fita daga nan.

Minti biyu na bayani kada ka yi ƙyashinsa, musamman ga wanda ya saba da itace yau ya fara gas. Tiyo na gas ne, ba na ban ruwa ba, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kilif a kowane baki, a sauya shi duk shekara biyu ko da zarar an lanƙwasa an ga tsaga. Ɓera na cin sa, a riƙa dubawa. Tukunya ta zauna a kan bulo ko katako, inda iska ke ratsawa, ba kusa da murhun itace ba, ba a ɗakin kwana ba. Da sanyin asubar hunturu wuta kan yi rauni, domin butan ba ya son tashi in gari ya yi sanyi sosai. Kada a kusantar da ita ga garwashi, a sa gindinta a ruwa mai ɗan ɗumi ya wadatar. In an ji warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda da gangan aka zuba shi don gas ba shi da wari, a rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da tukunyar fili, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a nemi yoyo da ashana. Wuta in a tiyo take kuma hannu zai kai ga regileta, a rufe, za ta mutu. In ta fara lasar jikin tukunyar, a kwashe yara a yi nisa.

Gobe kasuwar ƙauyukan gabas ce, motar wakili za ta iso da hantsi. Gwada sikeli da jarka kafin ta zo, ka haɗa ruwan sabulu sabo, ka duba allurar na'urar kashe gobara tana kan kore. Duk wadda ka yi shakkar gindinta, ware ta gefe, in na zo mu duba tare.