Amsa kan yadda mata da maza ke kallon mutum-mutumi a wurin aiki

Assalamu alaikum, Malama. Kin tambaya ko gaskiya ne mata sun fi maza ɗari-ɗari da na'urorin mutum-mutumi a wurin aiki, kuma ko tsoron fasaha ne ya jawo hakan. Bambancin kam akwai shi, domin ƙuri'ar jin ra'ayi ta Eurobarometer da Tarayyar Turai ta gudanar a 2017 ta nuna maza sun fi mata kyautata wa waɗannan na'urori zato. Sai dai ni ban yarda tsoro ne silar ba.

Abin dubawa shi ne irin aikin da ke hannun kowa. Wani binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, na 2018 a ƙasashe 30 ya ƙiyasta cewa kashi 11 cikin 100 na mata ma'aikata suna cikin babban haɗarin na'ura ta karɓe aikinsu, maza kuwa kashi 9, saboda mata sun fi yawa a ayyukan da ake maimaitawa kullum. Matar da ta wuni gaban keke a masana'antar tufafi ta Bangaladesh tana ɗinka hannun riga ɗaya bayan ɗaya, ta san cewa ranar da aka kawo inji mai sarrafa kansa, galibi namiji za a tura horon kula da shi. Shi ƙarin girma yake hange, ita kuwa kujerarta take gani ana shirin ɗaukewa, kuma damuwarta tana bisa hujja.

A gidajen kula da tsofaffi na Japan, inda mata suka fi yawa, tambayar ma'aikaciya daban ce: shin na'urar ɗaga tsoho daga gado za ta rage mata ciwon baya, ko kuwa goge na'urar da yi mata caji ne za su ƙaru a kan aikinta?