Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan iyalin Sojourner Truth

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce malaminku ya ba ku aiki a kan Sojourner Truth, baƙar Ba'amurkiyar nan da ta yi fafutukar yaƙi da bauta da kare hakkin mata, amma duk inda kika duba jawabinta na 1851 a garin Akron na jihar Ohio kawai kike gani, ina labarin iyayenta da 'ya'yanta? Wallahi tambayar nan ta taɓa ni, don ni ma da jawabin na fara saninta, sai da muka zauna a jihar New York na je garin Kingston da ƙafata, na tsaya gaban tsohuwar kotun nan ta dutse inda aka kafa allon tunawa da ita, sannan na gane uwa ce kafin komai.

Sunanta na yanka Isabella, an haife ta wajen 1797 a yankin Ulster na jihar New York, cikin bauta. Babanta James, mamarta Elizabeth, kuma yaren Holan ta tashi da shi ba Turanci ba, don iyayen gidansu 'yan asalin can ne. Iyayenta sun haifi 'ya'ya goma ko sha biyu, kusan duka an sayar da su suna ji suna gani, har uwar kan zaunar da ita da dare ta nuna mata taurari, wai su ne dai ke haska 'yan'uwanta duk inda aka kai su. Ita ma tana 'yar shekara tara aka haɗa ta da garken tumaki aka sayar dala 100, sabbin iyayen gidan suna dukanta saboda ba ta jin Turanci.

A gidan John Dumont ta daɗe, daga 1810, nan ta haifi su Diana, Peter, Elizabeth da Sophia. Ya yi mata alkawarin 'yanci ya saɓa, wai ta ji ciwo a hannu aikinta ya ragu, sai ta tsaya ta gama kaɗa masa ulun da take ganin hakkinsa ne, ƙarshen 1826 da asuba ta ɗauki jaririyarta Sophia ta kama hanya, iyalan Van Wagenen suka karɓe ta.

To ga inda nake so ki dage a rubutunki. Peter yana ɗan shekara biyar aka sayar da shi aka kai Alabama, alhali dokar New York ta hana fitar da bawa daga jihar. Mace baƙa, ba karatu ba rubutu, ba ko sisi, ta dinga zarya zuwa Kingston har ta samu lauya, 1828 kotu ta ce a dawo mata da ɗanta. Da aka kawo yaron don tsoro cewa ya yi ba uwarsa ba ce, sai daga baya ya sake, ta duba jikinsa duk tabon bulala. Ina tsaye a bakin matakalar nan da ɗana a hannu, shekarunsa kusan ɗaya da Peter, hawaye kawai na ji yana zubo min.

Kuma Allah bai nufa su tsufa tare ba, 1839 Peter ya shiga jirgin farautar kifi whale, ya aiko wasiƙu kaɗan, jirgin ya dawo 1842 babu shi. Shekara ɗaya bayan nan ta canza suna zuwa Sojourner Truth ta fita wa'azi. Ta rasu 26 ga Nuwamba 1883 a Battle Creek, jihar Michigan, inda 'ya'yanta mata suka biyo ta suka zauna, can kabarinta yake. In kin gama ki turo mu karanta don Allah.