"Masu yanke hannu" ko masu tuban muzuru?

Tambaya: Malam, ina aiko da kaya daga Guangzhou. Ina jin matasan Sinawa suna kiran kansu "duoshou dang" a intanet, na fassara wa yarana da "masu yanke hannu". Na yi daidai?

Amsa: Alhaji, kalmomin ka kamo su, ma'anar ce ta kuɓuce maka. Duo sara, shou hannu, dang ƙungiya. Mutum ne zai duƙufa sayayya a Taobao, kasuwar intanet ta kamfanin Alibaba, ya duba asusunsa ya ga wayam, ya rantse in ya ƙara sai ya sare hannunsa, gobe ya koma. Abin ya fi ƙamari ranar 11 ga Nuwamba, bikin rangwamen da Alibaba ya fara a 2009. To amma Bahaushe na jin "yanke hannu" haddi zai faɗo masa a rai, ka ga ka mai da mai saye ɓarawo. Wannan fassarar kalma da kalma ita ke damuna da yaran yanzu, har da wasu masu karanta labarai: a ɗauko jimlar wani harshe a sa mata hula, a ce Hausa ce. "Almubazzari" ma bai zauna ba, don zargi ne mai nauyin addini da wani ke yi maka, alhali Basine kansa yake wa dariya. Abin da ke cikin kalmar rantsuwa ce da karya ta, mu kuwa tuban muzuru muke ce wa wannan.

Tambaya: "Chi tu" fa?

Amsa: Cin ƙasa, wato sayayya ta cinye har kuɗin cefane. Kada ka haɗa da shan ƙasa, wannan kaye ne. Ce "ya koma jiƙa gari".

Tambaya: Malam, "yueguang zu" shi ne hannu baka hannu ƙwarya?

Amsa: A'a, Malama. Hannu baka hannu ƙwarya na mai ƙaramin samu ne. "Yueguang zu" kuwa mai albashi ne da ke cinye shi kaf duk wata. Wasan kalma ne: yue wata, guang haske, kuma guang ƙarewa ƙarƙaf. Ma'aikacinmu "wata ya yi nisa" yake cewa, ko da ran goma ga wata ne.

Tambaya: Wane ne "weikuan ren"?

Amsa: Mai jiran biyan ciko. Ya ba da kafin alƙalami a kan kaya kafin ranar rangwame, in bai cika a kan lokaci ba, galibi abin da ya ajiye ya tafi.